Abin da Ya Sa Ban Saka Miki Kanwa a Kaya Ba

Azare, ranar Laraba.

Zuwa ga autata Maryama,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kun sauka Gembu lafiya, ke da maigidanki da abin da ke cikinki. Allah Ya sa kun hau dutsen nan da ake ba mu labari ba tare da ko ciwon kai ba, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari. Babanku yana gaishe ku, yana sa muku albarka.

Na san sai kin kwance ƙunshin daddawa da kuka za ki ga takardar nan, don a nan zan cusa ta gobe kafin ku tashi. Na kuma san za ki zazzage buhun kaf kina neman kanwar da kika ce in saka miki. Kada ki wahalar da kanki, babu ita, kuma ba mantuwa na yi ba. Za ki ce me ya hana in yi miki saƙon murya kamar kullum. Ai wayarki ba ta da sirri, kunna ta kike yi kina wanke-wanke duk gida na ji. Wannan magana kuwa tsakanina da ke ce, shi ya sa na nemo tabarau da biro na zauna da ɗan bokon da na yi.

Ranar da muke ɗaure kaya abu uku kika roƙe ni. Kanwa ungurnu mai yawa, da babban kaskon garwashi, da kuma in kira matar da za ta yi miki wankan jego a can in gaya mata yadda ake yi a gidanmu, ruwa yana tafasa, safe da yamma, kwana arba'in cur. Kin ce haihuwarki za ta faɗo a tsakiyar ɗari, a garin da ko da rana tsaka da rigar sanyi ake yawo, ga hanya ta yi nisa ba za ki iya dawowa gida wanka ba. Sannan kika sunkuyar da kai kika ce, "Inna, ni dai tsoro nake kada sanyi ya shige ni kamar yadda ya shigi Yaya." Sai na ce tuwo zai kama na tashi. Tuwon ko sanwa ban yi ba a lokacin. Amsar ce ta yi mini nauyi, ga ta nan a rubuce.

Kin san ni da sanyi ba ma ga maciji, tun ina yarinya haka nake. A ba ni bazarar Azare, wadda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, a kwana a tsakar gida ana fifita, ni ko a jikina. Zafi ai sai ka watsa ruwa ka nemi inuwa, ka dama farau-farau ka sha, shi ke nan. Sanyi kuwa har cikin ƙashi yake bin mutum, ga alwalar asuba, ga faso, ga kaushi. Babanku shi kuma mutumin fadama ne. Da ɗari ya sauka sai ki ga haƙoransa a waje, wai alkama za ta yi kyau, tumatir ba zai ƙone ba, sauro ya tafi hutu. Shekara talatin da 'yan kai muna wannan musu. Ya ce, "Sanyi in ya dame ka sai ka ƙara riga. Zafi fa, in ka tuɓe rigar, me kuma za ka tuɓe?" In ce masa, "Malam, mai riga biyu ke wannan magana. Rana ai ita ce bargon talaka." Sai ya yi dariya ya ce ni da ƙadangare uwa ɗaya uba ɗaya, har yau kuma ba wanda ya ka da wani.

Da a musu abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma ni ƙin sanyin nan ya zame mini tsoro, tsoron kuma ya sa na yi ta ɓarna ina ganin gyara nake yi. Haka na taso na ji daga bakin kakarku, wadda ta zo da mu daga wajen Gashuwa, Allah Ya jiƙanta. A wurinta duk ciwon da ba a gane kansa ba sanyi ne. Ciwon baya sanyi, ciwon gwiwa sanyi, yaro ya cika kuka sanyi. Na haddace wannan karatu ban taɓa tambayar ko'ina ba.

Bari in fara da ƙarami. Muna Katagum a lokacin, kafin mu dawo Azare, yayarki tana da wata biyar. Ɗarin Katagum kuwa ba irin na cikin gari ba ne, iska daga kogi take tasowa ta ratsa zana. Sai na sa wa yarinyar nan riga uku da hula da safa, na goya ta, na lulluɓa mata zane biyu. Wajen sati ban yi mata wanka ba, sai dai in goge mata fuska da tsumma. Tana ta kuka ina ta ƙara lulluɓi, don a ganina sanyi take ji. Akwai wata tsohuwar Bafulatana da ke kawo mana nono, muna ce mata Dada. Ta sauke ƙwaryarta ta dube ni ta ce, "Ke yarinya, dafa ta za ki yi?" Ba ta jira amsata ba ta karɓe ta ta tuɓe ta. Wuyan yarinyar nan da hamatarta sun yi jajir, ƙuraje sun feso ko'ina, zufa ta jiƙa rigar ciki sharkaf. Dada ta ce su da suke kwana a ruga, iska ta ko'ina, riga ɗaya da mayafi suke yi wa ɗa, kuma 'ya'yansu ba su ƙare ba. Na ji kunya, amma a raina cewa na yi me Bafulatana ta sani.

Saboda haka in Allah Ya sauke ki lafiya, kada ki auna jikin jariri da tsoronki. Ki sa hannu a ƙeyarsa. In da ɗumi, kayan sun isa. In da zufa, ki rage. Hula da safa kam ki sa masa, garin da kike ba Azare ba ne. Wanka ki bari sai hantsi ya ɗaga, a cikin ɗaki, da ruwan da gwiwar hannunki za ta iya zama a ciki, ki tsane shi maza ki shafa masa man kaɗanya. Ke ma ki riƙa shafawa a dugaduganki tun kafin su tsage.

Na biyu ya fi wannan muni. A wannan ɗarin dai, wata safiya bayan sallar asuba babanku ya tafi fadama ban ruwa. Na zuba gawayi a kasko, ko gama kamawa bai yi ba na shigo da shi ɗaki. Na rufe ƙofa, na cusa tsummokara a taga da ƙasan ƙofa, na ce yau sai in ga ta inda sanyin zai shigo. Na kwanta da yarinya ina jin daɗina. Abin da na sani kawai kaina ya fara sarawa, jikina ya mutu, ina so in tashi na kasa ɗaga ko hannu. Allah da ikonSa babanku ya mance fartanyarsa ya dawo. Ya yi sallama shiru, ya buga shiru, sai ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar ya jawo mu waje. Na yi ta amai a tsakar gida, kwana biyu kaina kamar zai rabe. Mutumin da ba ya faɗa, ranar ya yi. Ya ce, "Sanyin da kike gudu shekara nawa yana nan bai kashe ki ba, ga wutarki ta kusa yi a safiya ɗaya."

Kaskon na saka miki, yana ƙasan buhu, amma da sharaɗi. A waje za ki hura shi, sai ya zama garwashi jajir babu baƙi ko ɗaya sannan ki shigo da shi. Taga a buɗe ko da faɗin tafin hannu ne. Ɗaki na yin ɗumi ki fitar da shi, kuma ko gyangyaɗi kada ki yi yana ciki. Abin da ke fita daga gawayi ba ya wari ba ya hayaƙi, mutum yana jin daɗi yake tafiya. Ki sayi bargo mai nauyi ko biyu, ki sa safa, ki sha shayi da citta. Wannan ya ishe ki, sauran kuma sabo ne, kafin wata uku za ki ji kina yi wa baƙi dariya.

Yanzu sai babbar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma na ɓoye nawa shekara tara.

Kina makarantar kwana lokacin da yayarki ta zo gida haihuwar Sadik, don haka abin da kika sani shi ne abin da aka gaya miki. A tsakiyar bazara ta haihu, watan da ko kaza baki buɗe take yawo. Ni kuwa jikana na fari ke nan, na ɗaura ɗamara na ce za a ga wankan da ba a taɓa gani ba a unguwar nan. Na sa aka sauke mini itace amalanke guda. Na aika Gashuwa aka kawo mini kanwa mai kyau. Rabin duro nake cikawa, ya tafasa yana tsalle, in tsoma ganyen darbejiya in fyaɗa mata, safe da yamma. Tana ihu ina cewa ta yi haƙuri, mu ma haka aka yi mana. In an fito in dama mata kunun kanwa kwano guda, kanwar har ɗaci take yi don yawa, in tsaya a kanta sai ta shanye. In sa garwashi a ƙarƙashin gado, in rufe taga, in lulluɓe ta. Fanka na sa aka cire ta daga ɗakin gaba ɗaya. Ruwan sha ma sai mai zafi.

Wajen kwana ashirin na shiga ɗaki na same ta da ledar ruwa mai sanyi a baki, ta roƙi wata maƙwabciya ta miƙo mata ta taga. Na fizge na jefar, na yi mata tatas. Ta ce, "Inna, wallahi ƙishi nake ji, ƙirjina kamar an ɗora dutse." Na ce ai ga irinta nan, sanyi ya fara shiga. Ƙafafunta suka kumbura, na ce sanyi ne, na ƙara kanwa. Ta fara tari, na ce sanyi ne, na ƙara wuta. Ta kai ba ta iya kwanciya sai a zaune a jingine da bango, numfashi sama-sama. Babanku ya ce a kai ta asibiti, na ce masa wannan harkar mata ce, ya tsaya a fadamarsa. Sai da ta faɗi a bayan gida wata safiya, kwana talatin da biyu da haihuwa, sannan aka kwashe ta.

A asibiti aka sa mata abin numfashi a hanci, aka yi ta allurar da ke fitar da ruwa. Kwana na uku likitan ya zo duba ta, ni kaɗai ce a bakin gado, ita kuma idonta a rufe. Wani ɗan siriri ne, bai girmi yayarki da yawa ba, mai ladabi. Ya ce, "Hajiya, wa yake yi mata wanka?" Na ce ni ce, har da ɗan alfahari. Ya tambaye ni yadda nake yi, na zayyana masa tas. Da na gama ya ce, "Hajiya, zuciyarta ce ta gaza. Mai jego zuciyarta ta riga ta yi aikin wata tara ta gaji. Kanwa kuma kamar gishiri take, tara ruwa take yi a jiki. Ga tafasasshen ruwa, ga wuta a ɗaki, ga bazara. Kayan sun yi mata yawa." Na ce masa to ruwan sanyin da ta sha fa? Ya ce, "Wannan ruwan bai yi mata komai ba." Ya ƙara da cewa akwai matan da ciwon ke kamawa ko ba a yi musu irin wannan wanka ba, kada in ɗora wa kaina duka. Ya faɗi haka ne don ya ga yadda fuskata ta koma, Allah Ya saka masa. Amma ni na san hannun da ya dama kunun.

Na fito baranda na tarar da dangi cike, namu da na mijinta, kowa na tambaya me likita ya ce. Maryama, a nan na yi abin da ya fi wankan muni. Na buɗe baki na ce, "Sanyi ne ya shige ta. Ruwan sanyi ta sha a ɓoye." Kowa ya ce ayya, yaran zamani ba sa jin magana. Aka yi ta ba ni haƙuri, ana cewa na yi iya ƙoƙarina. Na karɓi haƙurin.

Tun daga ranar maganar ta bi ta. Kin dai ga yadda take, magani safe da dare, ba ta iya doguwar tafiya, likita ya ce kada ta sake ɗaukar ciki, Sadik shi kaɗai. Mijinta ya riƙe ta da amana, Allah Ya biya shi. Amma duk gidan sunan da aka je sai an yi misali da ita. Da kunnena na ji wata tana ce wa 'yarta mai jego, "Sha kunun nan, ko so kike ki zama kamar 'yar gidan Hajiya mai kwaɗayin ruwan sanyi?" Ina zaune a wurin, na sunkuyar da kai ina ɓare goro. Ke ma da wannan labari kika girma, ga shi har kin ɗauke shi za ki hau da shi dutse. Shi ya sa da kika yi maganar nan ranar ɗaurin kaya na ji kamar an watsa mini ruwan duron nan.

To ki saurare ni da kyau. Ban ce kada ki yi wanka da ruwan zafi ba, mai jego tana son ɗumi, balle a garin sanyi. Amma ki surka shi ya zama wanda za ki iya zuba wa jikinki da hannunki ba tare da kin yi tsalle ba. Duk ruwan da sai an riƙe ki za a zuba miki, ba na lafiya ba ne. Kunu ki sha na gyaɗa da na tsamiya, ki ci nama da ƙwai da ganye, nono zai zo da yardar Allah. Kanwa kuwa ko a kasuwar can kika gan ta ki wuce, in ba ɗan abin da za a jefa a wake ba. Ki je awo kada ki fasa ko sau ɗaya, ki haihu a asibiti, bayan haihuwa ma ki koma a duba ki. In kika ga ƙafa ta kumbura, ko tari ya ƙi tafiya, ko kin kwanta numfashi ya ƙi sai kin tashi zaune, kada ki tsaya neman sunan ciwon a bakin mata. Ranar nan maigidanki ya kai ki asibiti.

Za a sami tsofaffi a can ma, don ba garin da babu irina. Za su zo da kyakkyawar niyya su ce yarinya ba ki da kowa, bari mu gyara ki. Ki gaishe su da ladabi, ki karɓi taimakonsu na wanki da girki da riƙon jariri. In an zo kan wuta da kanwa ki ce uwarki ta hana. Ki ɗora mini, in za su zagi wani su zage ni. Maigidanki kuma in ya ce asibiti, kada ki ce masa harkar mata ce. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, gaskiya ne, amma babba ma yakan hango abin da babu shi.

Jiya bayan la'asar na je gidan yayarki. Na same ta a tabarma tana tsince shinkafa, na zauna kusa da ita, ta dube ni ta ce, "Inna, lafiya kuwa?" Na ce mata akwai abin da likita ya gaya mini shekara tara da suka wuce, na juya shi na faɗa wa mutane wani abu daban. Na fara ba ta labarin, ban kai rabi ba ta ce, "Inna, ai ba barci nake yi ba ranar. Duk abin da ya ce na ji."

Na ce, "Kin ji? To me ya hana ki faɗa, ana ta yi da ke a gari?"

Ba ta ɗago ba, hannunta na cikin faranti. Ta ce, "In na faɗa sai a ce me? Gara a ce na sha ruwa da a ce uwata ce. Kuma ai na sha ruwan." Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince, sannan ta ce, "Ni nawa ya wuce, na yafe tun a gadon asibiti. Ki dai gaya wa Maryama kafin ta tafi. In ta haihu ta ji ƙishi, a bar ta ta sha ruwa."

Ban iya gaya miki da baki ba, ga shi na rubuta. Babanku na faɗa masa da safen nan, ya ɗauki hularsa ya fita, da ya dawo ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ranar Asabar akwai suna a gidan Alhaji na bayanmu, matan unguwa duk za su hallara, kuma a can zan faɗa da bakina, in sha Allahu.

Allah Ya tsare ki a sanyi da zafi, Ya raba ki da cikin nan lafiya, Ya ba ki mai albarka, Ya sa in ɗauke shi da hannuna. Allah Ya ba ku zaman lafiya da maigidanki, Ya buɗa masa a wurin aikinsa, Ya dawo mana da ku cikin aminci. Yayarki kuwa kin san 'yar fari ce, tun da na haife ta bakina bai taɓa kama sunanta ba, amma yau zan sa shi a addu'a ki gani. Allah Ya ba Halimatu lafiya, Ya yi mata albarka, Ya saka mata da Aljanna.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Inna.